Amsa: ƙanina da ke karatu a Amurka ya kasa barci

Wa alaikumussalam Yaya. Kin ce tsoron jami'an ICE (hukumar shige da fice ta Amurka) ya hana ƙaninki barci har yana maganar ya dawo Katsina. Don Allah kar ya yanke shawara cikin firgici. In bizarsa F-1 ce, wato bizar ɗalibai, ya je ofishin ɗaliban waje na makarantarsu su duba mai SEVIS (rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka) da I-20 (takardar da makaranta ke bayarwa ta shaidar shi ɗalibinta ne), kar ya rage darussa ko ya kama aiki ba izini, nan ne ake shiga matsala. Ko an tare shi yana da haƙƙin yin shiru ya nemi lauya, kar ya sa hannu a takardar da bai gane ba. Ku ma a gida ku bar tura mai bidiyon kame a WhatsApp, wallahi shi ke ƙara tada mai hankali, ku kira shi ku yi hirar gida.