Launukan Furen Kilematis da Siffofinsa: Amsa ga Yaron Lambu

Ɗana, ka ce wani alhaji ya zo lambunmu na Kadawa ya nuna maka hotunan wani fure mai yaɗo a wayarsa, mai suna kilematis, ya ce a nemo masa shuɗi da ja da mai ninki, kai kuma kana so ka san ko duk iri ɗaya ne launi kawai ya bambanta. Ba iri ɗaya ba ne. Dangin kilematis na daji sun kai wajen 300, a warwatse daga Sin da Japan zuwa Turai da Amurka da Afirka, kuma waɗanda masu lambu suka haɗa aure tsakaninsu suka fitar sun ninka haka sau da yawa. Mai saye launi yake kallo, amma kai da za ka rene shi siffar furen za ka fara dubawa, domin ita ce take gaya maka daga wane gida ya fito, da lokacin da yake fure, da yadda ake datse shi.

Abin da ido yake gani mai launi a jikin wannan fure murfin toho ne, wanda ya buɗe ya faɗaɗa ya ɗauki launi, kuma yawanci falle 4 ne zuwa 8. A tsakiya akwai tarin zaruruwa, wani lokaci farare, wani lokaci masu duhu, kuma su ma suna cikin abin da ake gane iri da shi.

Hotunan da aka fi yaɗawa na masu faffaɗan fure ne, wanda yake buɗewa shimfiɗe, faɗinsa santimita 10 zuwa 20. Jininsu ya fito ne daga wasu dangogi na Sin da Japan da aka kai Turai a ƙarni na 19. Uban gidansu shi ne Jackmanii, wanda George Jackman ya haɗa a garin Woking na Ingila a 1858, ya yi fure na farko a 1862. Launinsa shunayya ce mai duhu, kamar turmin da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata bai gama bushewa ba, kuma fallensa galibi huɗu ne masu faɗi. Sai Nelly Moser, wanda aka fitar a Faransa a 1897, mai falle wajen takwas, ruwan hoda mai haske, kowane falle da jan layi ya ratsa tsakiyarsa daga gindi zuwa baki. Wannan layin shi ne kyansa, kuma shi ne abin da rana take fara cinyewa, har a ƙasashen sanyi ma a gefen inuwa ake dasa shi don kada ya koɗe. To, ka auna da ranar watan Afrilu a nan, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Akwai Henryi fari fat mai zaruruwa ruwan ƙasa, akwai Niobe ja mai duhu da aka fitar a Polan.

Maganar shuɗi kuwa, kada ka yi wa kowa alkawari. Abin da masu sayarwa suke kira shuɗi a cikin manyan nan, idan ka tsaya kusa da shi, za ka tarar ya karkata zuwa shunayya mai haske, kuma kyamarar waya tana ƙara masa shuɗin da ba shi da shi. Ja ɗin ma mafi yawansa yana da sirkin shunayya. Ja na sosai yana wurin wani dangi daban da ake kira texensis, ɗan jihar Tekzas ta Amurka, wanda furensa ƙarami ne mai kaurin falle, tsukakken baki, ba ya shimfiɗewa. Rawaya kuma tana wurin tangutica na yammacin Sin, mai ɗan fure da yake sunkuyar da kai ƙasa, wanda idan ya kaɗe sai ya bar dunƙulen gashi mai santsi da sheƙi, har wasu don gashin suke shuka shi. Ka lura cewa waɗannan launuka biyu, ja na sosai da rawaya, a ƙananan furanni suke. Wanda ya ce maka yana da rawaya ta gaske mai faɗin tafin hannu, ka nemi ka gani da idonka kafin ka ba da kuɗi.

Mai ninki shi ne inda yara irinku suke yin ɓarna. Ninkin yana samuwa ne idan zaruruwan tsakiya suka rikiɗe suka zama falle-falle, sai furen ya cika ya yi tudu. A iri kamar Vyvyan Pennell, furen farko da yake fitowa a kan reshen bara shi ne mai ninki, wanda kuma ya biyo baya a kan sabon reshe falle ɗaya yake zuwa, a jikin tsiro ɗaya. Saboda haka idan ka ɗauki almakashi ka datse shi har ƙasa, ka zubar da ninkin shekarar gaba ɗaya, kuma mai saye zai ce an canza masa iri. A irin wannan, busasshen reshe kawai ake cirewa. Jackmanii da dangin viticella na kudancin Turai a kan sabon reshe suke fure, shi ya sa ake sare su a bar kamar santimita 30 daga ƙasa. Montana na tsaunukan Himalaya, mai ƙananan furanni farare ko ruwan hoda da suke rufe katanga, ba a taɓa shi sai ya gama fure.

Ra'ayina game da ƙasarmu shi ne, manyan nan ba namu ba ne. Suna son sanyin da zai sa su kwanta su huta, suna son saiwarsu a cikin ƙasa mai sanyi da danshi kansu kuma a rana, hunturunmu kuwa bushewa ce da ƙura, ga bazara tana biye da shi. A Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200, abin ya fi sauƙi. Idan alhajin ya nace, ka fara da viticella, domin ya fi jure zafi da ciwon da yake sa reshe ya yi yaushi farat ɗaya. Ka dasa shi a gabashin ɗaki inda zai sami hantsi ya tsira daga ranar azahar, ka nutsar da gindin ya fi yadda yake a leda da kamar yatsu uku, ka rufe ƙasar da ciyawa ko fasassun tukwane. Da sandar ganyensa yake naɗe abin da zai hau, don haka siririn waya ko igiya za ka ɗaura masa, domin ba ya iya kama azara mai kauri. Ruwan jikinsa yana ƙona fata da baki, saboda haka ka wanke hannu bayan datsa, kuma rassan da ka sare kada ka zuba wa awaki.