Hukuncin kallon fim ɗin ban tsoro a kan gawa ga wanda aka yi wa rasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Agege, ina harkar tumatir a kasuwar Mile 12. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu a wani asibiti a nan Legas. Cikin dare ya cika, sai ya kwana a mutuware, ni ne kuma na shiga na karɓo shi da safe. Kwanan baya wani abokina ya tura mini wani fim na Turawa a waya. Duk a gidan da ake shirya gawa aka yi shi, mai aikin wurin yana cikin jimamin rashin da aka yi masa, har gawarwakin suka fara yi masa gizo. Abokin ya ce wa'azi ne, tunda an ce mu yawaita tuna mutuwa. Tun da na kalla ba na iya kwana sai da fitila a kunne, ina rufe ido sai in ga Baba a kan gadon ƙarfen nan. Ya halatta in kalli irin wannan? Kuma shi ne yake zuwar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙuri.

Hadisin da abokinka ya jawo yana nan. Tirmizi da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce mu yawaita tuna mai yanke jin daɗi, wato mutuwa. Sai dai ya ajiye shi a inda ba wurinsa ba. Tuna mutuwar da ake nufi ita ce wadda za ta sa ka biya bashin da ke kanka, ka daina cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓen tumatir kana jera mai kyau a sama, ka tashi asuba. Shi kuma fim ɗin nan me ya bar maka? Tsoron duhu da tsoron gawa. Masu shirya shi sun san aikinsu: a yi shiru mai tsawo, a rage haske, a ajiye kyamara a kan yatsan ƙafar mamaci har sai zuciyarka ta raya maka ya motsa. Firgicin shi ne hajar da suke sayarwa.

Malamai sun yi saɓani a kan asalin kallon fim. Akwai masu hanawa gaba ɗaya saboda hoto da kiɗa da cuɗanya, akwai masu cewa hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa. Ko da mun ɗauki magana ta biyu, wadda ta fi sauƙi, irin wannan fim bai tsira ba. Mafi ƙarancinsa karhanci ne ga mai ƙarfin zuciya idan babu tsiraici kuma babu abin da ke taɓa aƙida. Idan akwai ɗayansu, haramun ne. A kanka kai kuwa, ɗana, haramun ne ka sake kallonsa, domin cutarwarsa ta riga ta bayyana a jikinka, kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta, babu cutarwa. Shi ma abokin naka ya ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito cewa ba ya halatta Musulmi ya firgita Musulmi, kuma an faɗi wannan ne a kan wasan da wasu sahabbai suka yi wa ɗan'uwansu da ke barci, suka ɗauke masa igiya. Ina ga tura wa wanda bai gama share hawaye ba hoton gawarwaki?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda waɗannan finafinai suke mayar da mamaci dodo. Gidan da kake gani a ciki ya fito ne daga al'adar da ba tamu ba. A Amurka, zuba wa gawa magani don kada ta lalace ya yaɗu ne lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, da ake son mayar da gawarwakin sojoji garuruwansu. A yau ana zuƙe jini, a ɗura sinadarin fomalin, a yi wa fuska kwalliya, a sa kwat. Kai ma ka gani a nan Legas yadda maƙwabtanmu kan bar mamaci makonni a mutuware ana haɗa kuɗin biki. Mu kuwa an ce mu gaggauta jana'iza, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Ana wankansa da ruwa da magarya, a sa kafur a wankin ƙarshe, a rufe al'aurarsa, a juya shi a hankali kamar mai jinya, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Mai wanka ma ana so ya rufa asirin abin da ya gani. Wanda shari'a ta suturta haka, ba a mayar da shi abin kallo.

Batun ko shi ne yake zuwa: a'a. Allah ya ce a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, mamaci zai roƙi a mayar da shi duniya, a ce masa faufau, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da tasu fatalwar, suna cewa ran wanda aka kashe yana zama mujiya yana kuka a kan kabari, Annabi (SAW) ya rushe wannan da kalma ɗaya, "la hamata", wato babu wata mujiya irin wannan. Abin da kake gani shi ne safiyar nan da ka shiga mutuware, sanyin ɗakin da warin maganin, fim ɗin ya zo ya fama maka. Idan ka yi mugun mafarki ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsari daga shaiɗan, ka juya kwanciya, kada ka bi mutane kana ba su labari. Ka riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin barci.

Baƙin cikin kansa ba laifi ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Ka goge fim ɗin daga wayarka. Ka samu wani babba cikin 'yan'uwa ya raka ka kabarin mahaifinka da rana, ka yi masa sallama da addu'a, tunda addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa. Idan rashin barcin ya ci gaba har ya fara taɓa kasuwarka da sallarka, ka je ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, zuwa can kuma ba ya nufin hauka ko raunin imani. Sai bayan ka samu natsuwa, ba yanzu ba, zan so ka nemi limamin unguwarku ya koya maka wankan gawa, don masu iya shi sun yi ƙaranci a cikin matasanmu na nan.

Allah ne mafi sani.