Mai aski ya ci mini goshi, ga ƙuraje a ƙeya, ga biki saura mako 3

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a unguwar Zariya nan Maradi, ɗaurin aurena saura mako 3. Shekaranjiya na je aski, yaron shagon yana fitar mini da layin goshi sai hannunsa ya zarce ta hagu, da ya zo daidaitawa kuma ya ci dama. Dama fuskata doguwa ce, yanzu goshin ya ƙara tafiya. Abin da ya fi damuna ma shi ne wasu ƙuraje ƙanana masu tauri da suka kusa shekara suna fito mini a ƙeya, ga ƙaiƙayi, in an yi aski su yi jini. Wani abokina bakanike ya ce in sa a kankare su da reza a shafa man birki, kwana 3 sun bushe. Wane aski zai rufa mini asiri, kuma in yi abin da ya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Maganar goshi ba ta da wuya. Kada kowa ya sake taɓa layin nan, ko da sunan gyara, don kowane gyara baya zai ƙara tura shi. Gashi irin namu a mako 3 yakan yi wajen milimita 5, wannan ya isa ya rufe wurin da aka ci. Kwana 2 kafin ɗaurin aure ka je a sauke maka kan duka, ban da ƙeya, da lamba 1, wato milimita 3, a bi kwanciyar gashi, sabon tsiro da tsohon gashi su zo daidai. Layin kuma a bi inda Allah ya ajiye shi, a share ƴan gashin da suka fita kawai. Mai doguwar fuska ba ya son tudu a sama da gefe a kankare, tsawo yake ƙara masa. A bar saman ƙasa-ƙasa, a bar gefen da ɗan duhu, saje ya cika, gemun haɓa kuma a rage masa tsini. In an ce za a cike maka gurbin da baƙin rini, a gwada a bayan kunne awa 48 kafin nan, don akwai waɗanda fuskarsu ke kumbura da shi. Ranar ma ai hula ce a kanka, ba mai ganin goshin sai amarya.

Yanzu mu zo kan man birki, don nan ne raina ke ɓaci.

Kada ka yi. Ka koma wurin abokin naka ka tambaye shi abin da ke faruwa idan man birki ya ɗiga a jikin mota aka bar shi. Shi da kansa zai gaya maka fenti yake ɗagawa. To abin da ke cin fentin mota shi za a zuba a fatar da aka riga aka yanka da reza? Ba mako da zai wuce ban ga ƙeyar da aka yi wa wannan aika-aikar ba. Wani man birki, wani baƙin man inji, wani fetur, wani har ruwan batir, wanda shi asid ne. Kowa kuma da shaidarsa a baki: ai wane ya yi, sun bushe. E, suna bushewa, don an ƙone wurin. Ɓawo ya yi, ya faɗi, ƙeya ta yi sumul mako biyu ko uku, a yi biki, a yi hotuna, mai ba da shawara ya sha yabo. Bayan wata uku ko huɗu, lokacin da tabon ya tashi ya yi tudu mai sheƙi, ba wanda ke komawa gareji ya nuna. Sai dai a ja hula ƙasa, a dawo wurinmu ana cewa a yi dabara.

Kuma babu dabarar da inji ko aska za su yi a nan. Ƙurajen da ka kwatanta, masu tauri, a ƙeya, sun daɗe, suna jini in an bi ta kansu, sun fi kama da kumburin saiwar gashi da ke damun maza baƙar fata masu murɗaɗɗen gashi bayan balaga. Ba datti ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma tsutsa ba ce da za a kashe da guba. Saiwar ce ke kumbura, gashin ya karye a cikin fata, jiki ya yi ta gina tabo a kansa. Abin da ke hura shi sananne ne: aski har fata, reza a ƙeya, gugar wuyan riga, bakin hula mai tauri, hular kwano ga ƴan kabu-kabu, da susa. Fatarmu dama mai saurin yin tudun tabo ce. Ka ɗauki wurin da ke neman dalilin yin tabo, ka yanke shi, ka ƙona shi, me kake jira ya fito? Ƙuraje masu girman ƙwayar gero sai su haɗe su zama dunƙule guda a faɗin ƙeya, wani lokaci yana tsatsar ruwa yana ɓata matashin kai. Inda tabo ya zauna kuma gashi ya tafi ke nan, ba man da zai dawo da shi, ko na Kano ko na Dubai, ko me mai talla a kasuwa zai rantse maka.

Masu tallar magani a faranti ma ka bar su. Man shafawar da suke miƙo wa kowa, na ƙaiƙayi da na ƙuna da na hasken fata duk bututu guda, ya kwana a rana ya wuni a rana, ba su san ƙarfinsa ba balle tsawon lokacin da ya kamata a shafa shi.

Abin da za ka yi shi ne ka je gidan likita a cikin makon nan, kada ka bari sai bayan biki, ka nemi a haɗa ka da mai duba fata. A matakin da kake, yawanci man shafawa ne mai kwantar da kumburi, da sabulun wanke wurin, wani lokaci da maganin sha irin su doksisikilin na wasu makonni. Waɗanda suka yi tauri sosai akwai allurar da ake yi a cikin ƙurjin kansa tana sassauta shi. Fiɗa sai abu ya gagara. Mako 3 ba zai share su ba, kada wani ya ruɗe ka, amma ƙaiƙayi da jini za su iya lafawa. Likitan ne kuma zai tabbatar ba makero ba ne, don shi makero yana yaɗuwa ta inji da mataji, kuma na kai sai da maganin sha.

Ranar askin biki ka gaya wa mai askin tun kafin ka zauna: ƙeya lamba 2, milimita 6, ba reza, ba layi a wuya, ba danna inji a kan ƙuraje. Gashin da aka bari a wurin shi ne zai ɓoye su, kankarewa ce ke tona su. Ka je wurin tela ya sauke maka wuyan rigar ciki, don shadda mai sitaci wuni guda tana gugar ƙeya ta isa ta tayar da su. Hula ma ka zaɓi wadda bakinta bai sauka a kansu ba.

Sauran maganar taku ce, ƴan'uwana masu aski, daga Babbar Kasuwa har rumfunan bakin tasha. Mutum ya zauna, kun ga ƙuraje, kun bi da inji ta kansu, jini ya fito, kun hure haƙoran injin da baki, kun ƙyasta masa ashana sau ɗaya, kun ce na gaba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma wutar da ta lashi ƙarfe ta wuce ba ta isa ta kashe ta ba. Wanda ya zauna bayan wannan bawan Allah bai san komai ba, kuɗinsa ya biya ya ba ku kansa amana. Reza ɗaya mutum ɗaya, a ɓare ta a gabansa. Inji a goge gashin da buroshi, a wanke haƙoran, a jiƙa su da alkol mai digiri 70 a bar shi ya bushe da kansa. Wanda ya zo muku da ƙeya tana jini, ku ajiye injin ku tura shi gidan likita, ko da zai yi fushi ya koma shagon maƙwabci. Kai kuma ango, tunda naka suna jini, ka sayi injinka na kanka ka riƙa zuwa da shi.