Gidan hayarka da ɗan gwaggonka

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kuna lafiya kai da iyali.

Saƙonka ya iso. Ka ce gidan nan na Dorayi ya kusa kammala, sashe uku kowanne ciki da falo, da shago biyu a gaba, kuma ɗan gwaggonka ya aiko yana son sashe ɗaya tunda bikinsa ya matso. Kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗin haya a hannun ɗan'uwansa, in kuma ba kunya ba ne, yaya ake yi ba a ɓata ba.

Nauyin da kake ji yana da asali. A da can cikin ganuwa ba a san haya ba. Baƙo ya zo gari, wurin mai unguwa ake kai shi a nema masa masauki. Ɗan'uwa ya yi aure, a yanka masa wuri a gidan gado. Fatake kuwa gidan fatoma suke sauka, shi kuma ba kuɗin ɗaki yake karɓa ba, la'adar cinikin da ya haɗa musu yake ci. Haka masu gidajenmu na Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi suka riƙa yi da masu shanu da masu goro. Haya ta yi ƙarfi ne a bayan ganuwa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari da Fagge suka cika da baƙi. Shi ya sa har yau wasu tsofaffi ke ganin ɗan haya baƙo ne, ɗan'uwa kuwa ba ya zama baƙo.

Sai dai waɗancan gidajen na ƙasa ne da azara, a taru a yi yaɓe kafin damina, shi ke nan. Naka bulo ne da siminti da kwano, kuma jarinka ne ka binne a ciki. Don haka babu kunya a karɓar haya daga ɗan'uwa, shari'a ma ba ta hana ba. Abin da nake hana ka shi ne ka bar maganar a dunƙule.

Hanya biyu ce. Ko ka ba shi aro, ka faɗa a gaban manya cewa ya zauna shekara ɗaya ko biyu ba ko kwabo, gudummawarka ce ta aure, ranar kaza aro ya ƙare. Ko kuwa ka ba shi haya kamar kowa. Akwai wata ta uku, ita ce mutane suka fi bi, ita ce kuma ke raba zumunci: "Haba, shiga kawai, ma yi magana." Shekarar farko ba wanda zai tayar. Ta biyu ka aika a tuna masa, ya ce sai an yi albashi. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kunnen gwaggonka, ka je gaishe ta ta amsa maka tana kallon bango, ta ce ashe abin har da su. Na ga irin wannan a unguwarmu: mai gida ya rasu bayan ɗan ƙaninsa ya daɗe a sashe guda ba takarda, da aka zo rabon gado sai ya ce ai marigayi ya ba shi halak malak. Babu shaida ko ta wane ɓangare. Sai da aka je gaban alƙali, kuma har yau 'ya'yansu ba sa zuwa sunan juna.

In ra'ayina kake so, ka ba shi haya da rangwame. A rubuta kuɗin sashen yadda sauran za su biya, a rubuta abin da ka sauke masa, a rubuta ranar shiga da ranar da shekara ke cika. Shaidu biyu, ɗaya daga ɗakinku ɗaya daga nasu, kowa ya riƙe kwafi. Idan ya ce takardar me tsakanin 'yan'uwa, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma kada ka zama kai ne mai zuwa ƙofarsa karɓa, balle ka aiki matarka ko yaro. Ya tura ta asusun banki, ko ya ba wanda ke kula da gidan, a ba shi rasit. Maganar kuɗin nan kada ta bi ta bakin mata ko kaɗan.

Ka lura da wani abu da ba ka tambaya ba. Ɗan'uwan mai gida a cikin 'yan haya yakan ɗauki kansa wakili ba a naɗa shi ba, ya hana shanya a nan, matarsa ta ƙi shiga layin sharar tsakar gida. Tun farko ka gaya masa shi ma ɗan haya ne.

Sauran sassa biyun fa, kada gaggawar kuɗi ta sa ka zuba kowa. Dillali la'adarsa yake nema, galibi kashi goma cikin ɗari na kuɗin shekara, kuma da ya karɓa ya gama. Kai za a bari da mutum. Ka tambayi sana'arsa, inda ya taso da abin da ya tashe shi, ka kuma tura a ji daga bakin tsohon mai gidansa. Al'ada ce a kai sabon ɗan haya wurin mai unguwa a gabatar da shi, ya kawo wanda zai tsaya masa. Kada ka raina wannan, don ranar rigima mai unguwa da liman za su fara zama kafin kotu. Kada kuma ka haɗa gwauro da masu iyali a ƙofa ɗaya. Shagunan ma ka duba: mai injin niƙa ko mai walda zai fi biya, amma maƙwabta ne za su kwana da ƙara, kuma haƙƙinsu na wuyanka.

Kuɗin shekara ɗaya kawai za ka karɓa, ko an yi maka tayin na shekara uku. Waɗanda suka karɓi na shekaru kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sun ji a jikinsu, don zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, su kuwa sun riga sun cinye hayar a tsohon farashi. Cikin abin da ka karɓa ka ware na wata ɗaya ko biyu ka manta da shi, na gyara ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: yoyon kwano, tsagewar bango da kwashe shadda naka ne, ƙwan lantarki, kan famfo da makullin da aka karya nasu ne. A rubuta wannan ma. Kafin kowa ya shiga ka je gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya ka ga inda indararo ke zuba da inda kwata ke bi. In ruwanka gidan maƙwabci yake shiga, ka gyara tun ba a kai ka ƙara ba.

Wuta ita ce uwar faɗan gidan haya. Ka nemi mita mai kati daga kamfanin wuta na KEDCO, kowane sashe da tasa, shaguna ma daban. Mita ɗaya ga gida guda, wannan na da firiza wancan na da fanka kaɗai, kullum kana shari'a.

In mutum ya gaza biya, ka bambanta wanda ba shi da shi da wanda ya ƙi. Na farko aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Na biyu kuwa kunyar mara kunya asara ce, amma ta hanyar doka za ka bi. Abin da aka saba, in takardarku ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma na wata ɗaya, sannan na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa, yaye kwano ko watso kaya waje, duk wanda ya ba ka wannan shawarar so yake mai gaskiya ya koma mai laifi.

Takardun gidan kansa kada ka tsaya a ta cinikin da mai unguwa ya sa hannu. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, don haka ka bi ta KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, ka nemi takardar mallaka da sunanka, ka kuma adana izinin gini na hukumar tsara birane, wato KNUPDA. Zakka kuwa ba ta kan ginin tunda ba don sayarwa ka yi shi ba. Tana kan kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara a hannunka, ɗaya cikin arba'in.

Kada ka ba yaron nan amsa ta waya. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, mu je gidan gwaggonka tare. Ni zan buɗe maganar, don daga bakina za ta fi yi mata sauƙin haɗiya, kai kuma ka zo da takardar a rubuce da adadin rangwamen da ka yanke. Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.