Kwana goma za su isa a zaga Firag, Biyana da Budafest?

Ƙanena, ka tambaya ko kwana goma za su ishe ka zaga garuruwan nan uku na Turai da jakar goyo a watan Yuli. Za su isa, in ba ka ƙara na huɗu ba. Jirgin ƙasa daga Firag zuwa Biyana kamar awa 4 ne, daga can zuwa Budafest wajen 2 da rabi. Bizar Shengen ɗaya, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, ta wadatar, amma kuɗi iri uku za ka riƙe: koruna, yuro da forint.

Tsohuwar gadar Charles da ke Firag kuwa, je ka da sassafe kafin baƙi su cika ta maƙil. A Biyana kada ka sayi ruwan gora. Na famfo daga tsaunuka yake gangarowa tun 1873, sanyi ƙalau. Magariba fa sai wajen ƙarfe 9.