Adireshin da Outlook ke ɗauka idan za ka tura saƙo gaba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da akwatin imel uku a Outlook, ka mayar da na wurin aiki babba, amma duk sanda za ka tura wa wani saƙon da ya shigo maka, sai adireshinka na gida ya fito a sama. Wannan matsalar ta taɓa jawo mini asara, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Wancan Set as Default da ka danna a Account Settings, sabon saƙo kaɗai yake mulki. Amsa da turawa gaba kuwa, Outlook na bin akwatin da saƙon ya shigo ta cikinsa ne. Akwai wani zaɓi a File, Options, Mail da ke tilasta amfani da babban akwati, to shi ma iyakarsa sabon saƙo. Don haka ka fara tambayar kanka: ta wace ƙofa saƙon ya shigo?

Nan ne ni na yi kuskure. Ina sayar da kayan gini, sai na saita akwatin shago ya riƙa jefa kwafin kowane saƙo cikin Gmail ɗina don in gani a waya. Wata rana akawunmu ya aiko takardar kuɗin siminti da rodi, na buɗe kwafin da ke Gmail ban lura ba, na tura wa ɗan kwangila. Mutumin ya ga adireshin da bai sani ba, mai laƙabina na sakandare, ga lambar asusun banki a ciki. Ya ƙi biya, bai ce uffan ba har kwana huɗu, sai da na kira shi. Wallahi ban ga laifinsa ba, don 'yan damfara haka suke yi, su turo lambar asusu daga baƙon adireshi.

Ranar na kashe wannan jefa kwafin. Na saka akwatin shago kai tsaye a waya ta IMAP, wato hanyar da waya ke karanta saƙo daga sabar akwatin kanta, kowane saƙo ya zauna gidansa. Idan kai ma kana da irin wannan saitin, ina kyautata zaton shi ne tushen damuwarka.

Sai abu na biyu, ka ba kowane akwati sa hannunsa daban, wato Signature da ke fitowa a ƙasan saƙo. Na shago yana da sunan shago da adireshi, na gida sunana kawai. Da na danna Forward, sa hannun da ya fito a ƙasa yake gaya mini inda nake. Idan ba daidai ba ne, in danna From in canza, aikin daƙiƙa biyu.

Amma don Allah kada ka rubuta adireshin ofis da hannu a From alhali saƙon ta wani akwati zai fita. Ko a ƙi aika shi, ko sabar mai karɓa ta duba SPF da DMARC, wato hanyoyin tantance asalin mai aika saƙo, ta ga ba daga sabar ofis ya fito ba, ta jefa shi cikin spam. Ka saka akwatin da SMTP ɗinsa na gaskiya, wato sabar da ke aika saƙonsa, yawanci ta port mai lamba 587.

In ka gama, ka tura wa kanka saƙo ɗaya daga kowane akwati, ka buɗe ka ga sunan da ya iso.