Me ya sa canza taimin bel da famfon ruwa ke da tsada a motocin gudu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da motar gudu ta hannu, ba na hawanta sai ƙarshen mako. Bakanike ya ce lokacin canza taimin bel ya yi, kuma dole a haɗa da famfon ruwa, alhali motar ba ta zafi, ba ta yoyo. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa ninka sau uku abin da na biya a ƙaramar motata ta zuwa aiki. Cuta ce ko haka abin yake? Kuma zan iya jinkirtawa, tunda motar ba ta yi tafiya mai yawa ba?

Amsa: Barka kadai, Malam. Ba ka faɗi irin motar ba, amma wannan bambancin kuɗi bai ba ni mamaki ba, kuma shi kaɗai bai isa a kira shi cuta ba. Bel ɗin kansa, wato robar nan mai haƙora da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, yana cikin mafi arahar kayan da ke wannan aiki. Abin da kake biya shi ne wahalar isa wurinsa.

A motar yau da kullum, akwai sarari a gaban inji. A cire fanbel, a kwance murfi, wani lokaci a ɗan ɗaga injin, sai ga bel. Motar gudu kuwa an ƙera ta ne ƙasa-ƙasa, an cusa babban inji a ƙaramin wuri, wani lokacin ma a tsakiyar mota, bayan kujerar direba. Dubi Ferrari F355, wadda aka ƙera daga 1994 zuwa 1999. Bel-bel ɗinta biyu suna gefen injin da ke manne da bangon bayan kujeru, don haka yadda kamfanin ya tsara aikin shi ne a sauke injin gaba ɗaya tare da giya. A kwance wayoyi, a zubar da ruwa da mai, a raba bututai, a sauke, a canza, sannan a mayar da komai. Aikin kwanaki ne. Da Ferrari ta fito da 360 Modena a 1999, sai ta sa ƙofa a bayan kujeru wadda ake buɗewa a kai ga bel ba tare da sauke inji ba, kuɗin aikin ya faɗi sosai. A F430 kuma aka koma sarƙa maimakon bel. Kamfani ɗaya, motoci uku a jere, kuma abin da ya raba kuɗin kula da su shi ne hanyar da hannun bakanike zai bi.

Ba sai an je ga Ferrari ba. Injin Subaru WRX STI kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, da kamshaf huɗu, wato sandunan da ke buɗe bawul, da bel ɗaya mai tsawo ke juyawa, kuma dole alamomin duka su dace a lokaci guda. Porsche 944 da Mitsubishi Lancer Evolution mai injin 4G63 suna da bel na biyu, na sandar da ke rage girgizar inji, kuma idan wannan ƙaramin ya tsinke yana iya shiga cikin babban ya ja masa. Tsofaffin 944 ma sai an yi amfani da ma'auni na musamman wajen ɗaure bel, a kuma dawo a sake gwada ƙarfin ɗaurin bayan ɗan tafiya. Duk wannan lokaci ne, da kayan aikin da ba kowane gareji ke da su ba, da gwanintar da mai ita ba ya sayar da ita da araha. Akwai kuma masu sauƙi: Mazda MX-5 ta farko da ta biyu, injinta a miƙe yake, gabansa a buɗe, aikinta bai fi na ƙaramar mota wahala ba.

Batun famfon ruwa, wanda ke zagaya da ruwan sanyaya inji, a nan ina bayan bakaniken naka. A injuna da yawa, ciki har da na Subaru da Porsche 944 da Audi TT mai injin 1.8 turbo, taimin bel ne ke juya famfon. A wasu, kamar MX-5, fanbel ne ke juya shi, amma yana zaune a bayan taimin bel, ba ya fita sai an cire bel ɗin. Ko ta wace hanya, ranar da famfon ya lalace za ka sake biyan wannan kuɗin aikin daga farko. Kuma ba kullum famfo ke yin sallama kafin ya mutu ba. Boris ɗinsa ya yi juyi daidai da na bel ɗin da za a jefar, sabon bel kuma zai zo da sabon ɗauri a kansa. Idan ya fara yoyo, ruwan kan bel yake zuba. Idan ya cije, yana iya tsinka bel ɗin ko ya sa ya tsallake haƙori. Wanda ya yaye rufin ɗaki don canza kwano, ya ga azara ta tsufa, ba ya mayar da sabon kwano a kanta.

Haka nan tenshina, wadda ke riƙe ɗaurin bel, da fuli-fulin da bel ke bi ta kansu. Sau da yawa ba bel ne ke fara gazawa ba, boris ɗin fuli ne ke cijewa, ko tenshina ta saki. Shi ya sa ake sayar da su a haɗe cikin kwali ɗaya. Idan oyil sil na kamshaf ko na karanshaf yana tsatsafo, a canza shi a lokacin, domin baƙin mai yana cin robar bel. Abin da zai sa in yi shakkar bakanike shi ne ya ce zai canza bel kaɗai ya bar sauran, ba wanda ya ce a haɗa su ba.

Yanzu maganar jinkiri, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Kamfanoni suna ba da wa'adi iri biyu, na tafiya da na shekaru, wanda ya fara cika shi ake bi. Wa'adin tafiya yakan kama daga mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000, kamar a MX-5 da Nissan 300ZX, zuwa mil 105,000 a na baya-bayan injunan Subaru masu bel. Amma motar da ba a hawa sai ƙarshen mako tana iya shekara goma ba ta kai wannan ba, roba kuwa tana tsufa ko mota na tafiya ko tana ajiye. Zafin inji na busar da ita, zama wuri ɗaya na sa ta riƙe lanƙwasa. A tsofaffin Ferrari wa'adin shekara 3 zuwa 5 ne kawai, komai ƙarancin tafiyar. Kallon bel da ido ba ya wanke shi, domin zaren da ke riƙe da shi a ciki yake.

Abin da zai faru idan ya tsinke ya danganta da injin. A yawancin injunan gudu, fistin da bawul suna amfani da wuri ɗaya a cikin silinda, bel ne ke hana su haɗuwa ta hanyar ba kowa lokacinsa. Ya tsinke, fistin ya daki bawul, su lanƙwashe, wani lokaci fistin ya fashe ko kan injin ya lalace, musamman idan abin ya faru ana cikin gudu. Daga nan an bar maganar bel, an shiga maganar buɗe inji, wadda kuɗinta ke ninka na yau sau da dama. MX-5 ta farko tana cikin 'yan kaɗan da ba sa haɗuwa: mota za ta mutu a hanya, a jawo ta, a sa sabo. Duba littafin motarka ka san wanne ne naka. Ka kuma tabbatar bel gare ta ba sarƙa ba, domin Honda S2000, Nissan 350Z da Porsche 911 duk sarƙa suke amfani da ita, ba ta da irin wannan wa'adi.

Tunda ta hannu ka saya, idan babu rasit mai kwanan wata da ke nuna an taɓa yin aikin, ka ɗauka ba a yi ba. Maganar baki ta mai sayarwa ba hujja ba ce.

Inda za ka iya rage kuɗi shi ne wurin zaɓen gareji. Bakanike mai zaman kansa wanda ya saba da irin motarka yakan fi dillalin kamfani sauƙi, kuma wanda ya yi aikin sau da yawa ya fi sauri. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da sunan kamfanin kowane abu. Gates, Continental, Dayco da Aisin sanannu ne, wasunsu ma su ke yi wa masu ƙera motocin kayan asali. Kada ka yarda da bel marar suna don ragin da bai taka kara ya karya ba. Ka tambaya ko an lissafa sabon ruwan sanyaya inji da tamostat a ciki, ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan ka gani da idonka, a kuma rubuta kwanan wata da adadin tafiyar motar a rasit, domin daga ranar ne za ka fara ƙirga wa'adi na gaba.